Tsakanin Allo da Jeleosinmi: Karatun Ƙananan Yara a Sabo ta Badun

Ni haifaffen Sabo ne, wato unguwar Hausawa da ke birnin Ibadan, wanda mutanenmu suka fi sani da Badun. Duk lokacin da na faɗi haka a wannan sashe namu sai wasu abokan karatu su dube ni da mamaki, wai yaya aka yi ɗan Kurmi ya zo nazarin Hausa. Har akwai wanda ya taɓa tambayata ko a makaranta na koyi harshen. A bakin Inna na tsotse shi, kamar kowa. Abin da makaranta ta fara koya mini daban ne, shi ne kuma dalilin wannan rubutu: yaro yana iya shiga aji da baƙaƙe 28 a kansa, a rubuta shi cikin waɗanda ba su san komai ba.

Abin da ya tayar mini da wannan tsohon miki shi ne wata gardama da na tarar a gida a hutun da ya gabata. Ɗiyar yayata ta kai shekara biyar. Sunan Innarmu aka sa mata, don haka ba mai kama sunan a gida, Inna ƙarama muke ce mata. Yaya tana son a sa ta a makarantar nazare ta kuɗi da ke bayan layinmu, mijinta yana lissafin kuɗin zango da na yunifom da na littattafai yana girgiza kai, Baba kuwa cewa ya yi a bar yarinya a gaban Malam tukuna, boko ba gudu zai yi ba. Kowa ya juyo ya dube ni, wai ni ne ɗan jami'a. To, mai karatu, kafin in faɗi abin da na ce, sai na ɗan koma baya.

Sabo tana kusa da shataletalen Mokola, ba nisa da filin wasa na Adamasingba, a cikin Ƙaramar Hukumar Ibadan ta Arewa. A shekarar 1916 aka keɓe wa Hausawa wannan wuri, fataucin shanu da na goro ne kuma suka raya shi: shanu su gangaro daga Arewa, goro ya hau. Wani masanin halayyar al'umma mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar a farkon shekarun 1960, ya wallafa littafi a kanta a 1969, inda ya nuna yadda mutanen Sabo suka riƙe harshensu da sarautarsu da ɗariƙar Tijjaniyya a matsayin katangar da ta kare musu sana'a. Yau an fi sanin unguwar da 'yan canji da masu tsire, amma katangar tana nan, ko da ta rage tsawo. Abin lura shi ne, wannan birni da muke zaune a tsakiyarsa shi ne hedikwatar tsohuwar Jihar Yamma, inda gwamnatin Cif Obafemi Awolowo ta fara ba da ilimin firamare kyauta a watan Janairu na 1955, shekara 21 kafin shirin UPE na ƙasa baki ɗaya da aka fara a 1976. Wato makaranta ta daɗe a ƙofar gidanmu. Yadda ake shigar ta ne ya ba mu wuya.

Ina da shekara huɗu aka kai ni zauren Malam. A can na koyi zama wuri ɗaya, na koyi riƙe allo da wanke shi, na koyi babbaƙu da sunayensu na Hausa irin su ba guje da mim jaye da ha kuri, na wuce zuwa farfaru. Ranar Laraba Inna ta ƙulla mini kuɗin Laraba a bakin riga, Alhamis da Juma'a mu huta. Kafin in cika shekara bakwai ina haɗa baƙi, ina kuma iya jan alƙalami a tawada ba tare da na ɓata allo ba. Haƙiƙa a unguwa ana yi mini kallon yaro mai kai.

Sai aka kai ni aji ɗaya a wata makarantar gwamnati. Mun fi 60 a ajin, malama ɗaya, Bayarbiya, mai magana da Yarbanci tana surkawa da Ingilishi. Yarbancin da nake ji a lokacin bai wuce na sayen ƙosai ba. Yawancin 'yan ajin sun riga sun yi shekara biyu ko uku a irin makarantun da Yarbawa ke kira jeleosinmi, ma'ana a bar gida ya huta, inda wata mata take tara yaran unguwa a baranda tana koya musu ABC da ƙidaya da waƙoƙi. Sun san a ɗaga hannu kafin a yi magana, sun san daga wane gefe ake fara rubutu. Ni kuwa da aka ba ni littafin rubutu sai na buɗe shi ta inda na san ana buɗe littafi, wato ta baya a ganinsu, na fara kwaikwayon abin da ke kan allon bango daga dama zuwa hagu. Aka yi dariya. Malama ta buge mini yatsu da rula, ta mayar da ni bencin ƙarshe. A ƙarshen shekara aka ce in maimaita aji.

Na daɗe ina jin haushin wannan mata. Yanzu da na ɗan yi koyarwar gwaji na tsaya gaban aji da kaina, haushin ya ragu ƙwarai. Ba wanda ya taɓa gaya mata cewa yaron da ya fito daga allo ya riga ya san mafi wuyar abu a sha'anin karatu, wato cewa zane a kan allo yana wakiltar sauti, kuma sautuka suna haɗuwa su ba da kalma. Da ta sani, cikin mako biyu za ta juya mini hannu. Shi ma Malam ba wanda ya gaya masa abin da ke jirana a can. Makarantun nan biyu tafiyar minti goma ce tsakaninsu, amma har na gama firamare malaman ba su taɓa gaisawa ba.

Ni na tsira da asarar shekara ɗaya. Ɗan kawuna da aka kai mu tare bai tsira ba. Tun yana ƙarami kunnensa na hagu yake zubar da ruwa, ana ɗiga masa man zafi, ya tsaya, ya dawo. A zaure karatu da ƙarfi ake yi, kowa na rera nasa, don haka ba a gane ba ya ji sosai ba. A aji kuwa bencin ƙarshe aka ajiye shi kusa da ni, aka ce taurin kai gare shi. Katinsa na rigakafi yana cikin adakar uwarsa, cike da sa hannun ma'aikatan lafiya, amma daga ranar da aka yi masa allurar ƙarshe ba wani ma'aikacin lafiya da ya sake duba shi, makaranta kuma ba ta tambayi katin ba. A aji uku ya daina zuwa. Yanzu acaɓa yake yi tsakanin Mokola da Bodija, yana ciyar da iyalinsa, ba kuma ya neman tausayin kowa. Sai dai duk lokacin da na ga ya karkato kunnen dama don ya ji inda fasinja za shi, sai in tuna bencin nan.

A takarda dai, ba a bar ƙananan yara a baya ba. Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato a watan Satumba na 1999, dokar shirin ta fito a 2004, ta kuma sanya kula da ƙananan yara da karatunsu cikin abin da ake kira ilimi a matakin farko. Dokar ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin wannan aiki, hukumar UBEC ce ke riƙe da kuɗin, jiha kuma ba ta karɓar kasonta na gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. A 2007 aka fito da manufar ƙasa ta haɗa hannu wajen rainon yara daga haihuwa zuwa shekara biyar, wadda ta ce lafiya da abinci da karatu da kariya tafiya ɗaya za su yi. Bugu da ƙari, manufar ilimi ta ƙasa da aka sabunta a 2013 ta sa shekara ɗaya ta share fagen firamare cikin karatun dole, ta ce kada yara su wuce 25 a gaban malami ɗaya a wannan mataki. Duk wanda ya karanta waɗannan takardu zai ce aiki ya gama.

Sai dai kash, mu ɗauki Inna ƙarama mu bi ta ofis-ofis mu gani. Takardar haihuwarta aikin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ne, wadda ta tarayya ce. Rigakafinta da awon nauyinta na hannun hukumar lafiya a matakin farko ta jiha. In ta shiga ajin share fage a makarantar gwamnati, ta zama ta SUBEB da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. In ta kuɗi ta shiga, Ma'aikatar Ilimi ce ke yi wa makarantar rajista, in ma tana da rajistar. Zauren Malam kuwa, inda ta fi daɗewa a kowace rana tun tana shekara uku, ba ya cikin littafin kowa. Jihar Oyo tana da ƙananan hukumomi 33, birnin Badun da kewayensa kaɗai 11 ne. Yaro ɗaya ne, masu shi da yawa, kuma Hausawa sun riga sun faɗi abin da ke samun tukunyar da kowa ke iza wa wuta ba mai duba ta.

Maganar harshe ita ta fi damuna, watakila don ita ce sana'armu. Tun bugun farko na manufar ilimi a 1977 aka ce a koyar da ƙananan yara da harshen uwa ko harshen da ake yi a muhallinsu. Hujjar ma daga ƙasar Yarbawa ta fito: gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da wasu yara duk darussan firamare da Yarbanci na tsawon shekara shida, aka ga ba su gaza takwarorinsu ba ko a Ingilishin. A watan Nuwamba na 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a riƙa koyarwa da harshen uwa a duk shekarun firamare. A watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, aka mayar da Ingilishi harshen koyarwa tun daga ajin share fage. An yi ta muhawara a kai, ana ta yi har yanzu, ni kuma ina cikin waɗanda ke ganin an yi gaggawa. Amma bari in faɗi gaskiya: ko a zamanin da manufar ke aiki, ɗan Sabo bai ci moriyarta ba. A Oyo harshen muhalli Yarbanci ne. Harshen uwarsa Hausa, na addininsa Larabci, na jarrabawarsa Ingilishi. A Kano ko Katsina harshen uwa da na muhalli abu ɗaya ne ga mafi yawan yara, shi ya sa abokaina na nan ba sa saurin gane abin da nake nufi. Kalmar nan "ko" da ke tsakanin harshen uwa da harshen muhalli, a cikinta yaran Sabo da Sasa da Ojoo suka faɗa.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba ina neman a gina wa Hausawa makaranta tasu su kaɗai ba ne. Inna ƙarama a Badun za ta girma, da Yarbawa za ta yi ciniki da maƙwabtaka, in ba ta iya Yarbanci ba mun cuce ta. Katangar da ta kare wa kakanninmu cinikin goro ba za ta kare wa jikokinsu komai ba a zamanin da ko canjin kuɗi sai da waya da lambar banki. Abin da nake cewa shi ne a samu wanda zai tarbi yaro da harshen da yake kuka da shi, a watanninsa na farko, har ya saba. Mataimakiyar malama ɗaya mai jin Hausa a ajin share fage ta isa, Sabo kuwa ba ta rasa 'yan mata masu takardar NCE da ke zaune a gida.

Akwai inda aka gwada abin da ya yi kama da wannan. A Ghana, inda 'yan'uwanmu na zango suke da irin zamanmu, gwamnati ta kafa sashen ilimin Musulunci a cikin hukumar ilimin ƙasar a 1987. Makarantun zango da suka yarda suka shiga ƙarƙashinsa, gwamnati ta tura musu malaman boko ta biya su albashi, karatun addini kuma ya ci gaba a hannun masu shi. Daga baya, a gyaran ilimi na 2007, ƙasar ta sa shekara biyu ta nazare cikin karatun dole. Ba a rasa ƙorafi a can ma, amma sun gane abu ɗaya da mu muka kasa ganewa: inda yara suka riga suka taru, can ake bin su.

Da za a tambaye ni me ake nufi da tsari guda na jiha baki ɗaya, daga ƙofar gidanmu zan ba da amsa. A fara ƙidaya zaurukan karatu da barandojin jeleosinmi, a san da zamansu, domin su ne makarantun farko na 'ya'yan talakawa, Hausawa da Yarbawa. Ma'aikaciyar lafiya da ke zagayen rigakafi ta riƙa tsayawa a can sau biyu a shekara ta duba ido da kunne da nauyi. A haɗa Malam da shugaban firamaren da ke kusa su zauna ko sau ɗaya ne kafin a buɗe zango, a daidaita lokaci don kada allo da aji su riƙa jan yaro kamar igiya. Sannan a samu kati ɗaya da zai bi yaro duk inda ya tafi, ɗauke da shekarunsa da lafiyarsa da inda ya kai a karatu. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen da rayuwarsu ke kan hanya. Lokacin rikicin kasuwar Sasa a watan Fabrairu na 2021 iyalai da dama sun bar gidajensu, wasu suka hau mota zuwa Arewa. Na san yaran da suka dawo bayan shekara guda aka mayar da su ajin da suka riga suka wuce, saboda babu takardar da za ta yi musu shaida.

Da na zayyana wa Baba duk wannan, sai ya yi shiru yana ɓare goro, can ya ce, "Kai yaro ne. Ran da suka rubuta sunan Malam a littafinsu, ran nan za su fara aiko masa da takardar haraji. Gobe su ce zauren ba shi da taga, jibi su ce a rufe." Na ce, "Baba, ku gafarce ni, ai yanzu ma ba abin da ya hana su rufewa." Ya ce, "Abin da ba su san da shi ba, ba su rufe shi." Na rasa amsa, kuma har yanzu ban same ta cikakkiya ba. Tsoron nan ba daga sama ya faɗo ba, duk wanda ya zauna a matsayin baƙo shekara ɗari ya san darajar a manta da shi. Ina ganin dai in ba ta hannun Sarkin Hausawa da limamai da su malaman kansu aka bi ba, ko an zo da alheri ƙofa za a rufe. Mu ma kuma muna da namu laifin. Muna jinkirin yankar takardar haihuwa har sai ranar da aka nema, muna ɗora wa yarinya 'yar shekara shida farantin talla a lokacin da ya kamata tana aji, muna cewa boko ba gudu zai yi ba alhali yana gudu.

Akwai kuma kason da ya faɗo kanmu, mu ɗaliban harshe. Da na tashi neman abin da zan saya wa Inna ƙarama ta riƙa kallo, na zaga shagunan littattafai na Dugbe ban samu ko ɗaya na Hausa ba, wanda ba abin mamaki ba ne. Abin mamakin shi ne ko a nan Arewa littafin yaro ɗan shekara huɗu, mai manyan hotuna da kalma biyu ko uku a shafi, yana da wuyar samu. Tsofaffin littattafai irin su Ka Koyi Karatu na 'yan firamare ne. Shirin RANA a Katsina da Zamfara da na Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato sun samar da littattafan fara karatu da Hausa, amma ba su gangara Kurmi ba. Mu kuwa kowace shekara muna rubuta kundin digiri a kan waƙoƙin reno da wasannin yara da tatsuniya, a ɗaure shi da baƙar fata, a jera a kanta, ƙura ta rufe. Da kowane ɗan aji huɗu zai fitar da shafi takwas daga kundinsa ya mayar da su littafin yara, da an ga bambanci. Na fara da kaina, na zana mata awaki da agwagi a bayan tsohon kalanda, duk da cewa akuyar tawa ta fi kama da kare.

Gardamar gida dai ta ƙare a kan haka: ajin share fage na makarantar gwamnati da safe, tun da babu kuɗin zango, allo kuma bayan la'asar. Baba bai ce ya yarda ba, amma da kansa ya je ya gaya wa Malam. Sai da muka yi zarya uku kafin takardar haihuwa ta fito, domin ba a yanka mata ba tun farko.

Ni na riƙe hannunta ranar farko. Malamar ajin yarinya ce, ba ta girme ni da yawa ba. Na gaishe ta da Yarbanci yadda ya kamata, na ce mata, "Anti, yarinyar nan ta san baƙaƙe, amma daga dama take farawa. In ta buɗe littafi ta baya, don Allah a juya mata kawai." Ta yi dariya ta ce tana da irinsu bakwai a ajin, ta ɗauka duk bahagwai ne. Sai ta yago takarda daga bayan rajista ta miƙo mini da biro, ta ce in rubuta mata yadda ake faɗin wasu abubuwa da Hausa. Na rubuta ruwa, fitsari, yunwa, ciwo, zo, zauna, sannu, na sa Yarbancinsu a gefe. Ta karanta su ɗaya bayan ɗaya, na gyara mata lafazin zauna sau biyu. Ta nemo ƙusa ta kafe takardar a jikin bango kusa da teburinta, sannan ta juya ta dubi Inna ƙarama, wadda ta riƙe ƙafar wandona tana shirin kuka, ta ce mata, "Zo."